Tambayoyi da Amsoshi Kan Sukar 'Yan Wasa Masu Albashi Mai Tsoka Idan Suka Kasa Taɓuka Abin Kirki

Duk ranar da babbar ƙungiya ta sha kashi, maganar da ke fara fitowa daga bakin magoya baya ita ce ta albashi: wane yana ɗaukar kaza a mako, ga abin da ya yi a fili. An tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa a kan wannan batu. Yawancin amsoshin sun shafi ƙwallon ƙafa, sai inda aka ambaci wani wasan daban.

1. Shin mai goyon baya yana da hakkin sukar ɗan wasan da ya yi wasan banza?

Yana da shi. Wanda ya sayi tikiti, ko ya biya kuɗin tashar talabijin, ko ya sayi riga, da kuɗinsa harkar ke tafiya, kuma babu dokar wasa da ta hana shi nuna ɓacin rai. A Ingila ihu ake yi, a Italiya da Sifaniya fito ake yi da baki, 'yan kallon Sifaniya kuma sukan ɗaga fararen ƙyallaye idan abin ya kai su bango. Babu wanda ya fi ƙarfin wannan. Cristiano Ronaldo ya ci wa Real Madrid ƙwallo kusan 450, amma an sha yi masa fito a Bernabeu, filin ƙungiyar. A watan Maris na 2022 magoya bayan PSG sun yi wa Messi da Neymar ihu a wasansu da Bordeaux, kwanaki kaɗan bayan Real Madrid ta fitar da su daga Gasar Zakarun Turai.

Hakkin yana da iyaka, kuma kotu ce ke tsaron iyakar. Duba tambaya ta 10.

2. Wa ke yanke wannan albashin, kuma daga ina kuɗin ke fitowa?

Ƙungiya ce ke yin tayi, wakilin ɗan wasa ya yi ciniki, sannan a sa hannu. Kuɗin na fitowa ne daga hanyoyi uku: hakkin nuna wasa a talabijin, tallace-tallace da masu ɗaukar nauyi, sai kuɗin shiga fili. A manyan gasanni na farkon ne ya fi tsoka. Yarjejeniyar nuna gasar Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai, daga 2025 zuwa 2029, ta kai fam biliyan 6.7.

Da can ba haka abin yake ba. Har zuwa Janairun 1961 akwai dokar da ta hana biyan ɗan ƙwallo a Ingila fiye da fam 20 a mako. Da aka soke ta, Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100. Sai hukuncin Bosman na Disambar 1995, wanda ya ba ɗan wasa damar tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare. Tun daga nan ƙungiyar da ke tsoron rasa gwaninta a banza ba ta da zaɓi sai ta ƙara masa kuɗi. Ke nan albashi farashi ne da aka yanke bisa abin da ɗan wasa ya yi a baya da abin da ake fatan zai yi, a ranar da aka sa hannu. Ba ya hawa ko sauka da wasan ranar Asabar.

3. Adadin da jaridu ke bugawa shi ne ke shiga aljihunsa?

A'a. Yawanci adadi ne kafin a cire haraji, kuma sau da yawa an haɗa da alawus ɗin da sai an cika sharaɗi ake biya. A Ingila kashi 45 cikin 100 ake cirewa daga duk abin da ya haura fam 125,140 a shekara, ban da kuɗin inshorar ƙasa. A Italiya kuwa jaridu sun saba buga adadin bayan cire haraji, don haka kwatanta albashin ɗan wasan Italiya da na Ingila kai tsaye kuskure ne. Ƙungiyoyi ba sa wallafa kwantiragin mutum ɗaya ɗaya, yawancin alƙaluman daga bakin wakilai suke fitowa, su kuma suna da dalilin kambamawa.

4. Me ya sa ba a rage masa albashi ko a kore shi idan ya daina ƙoƙari?

Saboda kwantiragin ƙwallon ƙafa na wa'adi ne, kuma dokokin FIFA sun ɗaure ɓangarorin biyu. Ba ya wuce shekara biyar a ƙa'idar FIFA sai inda dokar ƙasa ta yarda, kuma ba a soke shi kafin lokaci sai da yardar juna ko da ƙwaƙƙwaran dalili. Kwamitin sasanta rikici na FIFA da kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne sun daɗe a kan matsaya ɗaya: rashin taka rawar gani ba ya cikin ƙwararan dalilai. Hujjarsu ita ce, kyau ko munin wasa ra'ayi ne, idan aka bar wa ƙungiya ta yanke, duk ɗan wasan da aka gaji da shi sai a ce ya lalace. Ƙungiyar da ta kori mutum a kan haka za ta biya shi ragowar kuɗin kwantiraginsa, kuma ana iya hana ta sayen 'yan wasa har kasuwa biyu a jere.

Abin da kwantiragi ke buƙata daga ɗan wasa shi ne ya zo atisaye a kan lokaci, ya kula da lafiyar jikinsa, ya bi umarnin koci, ya buga idan an sa shi. Wanda ya cika waɗannan ya cika alƙawari ko da bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Winston Bogarde ya sa hannu a Chelsea a shekarar 2000 na tsawon shekara huɗu, ƙungiyar ta so ya tafi, ya ƙi, ya ci gaba da zuwa atisaye kullum har wa'adin ya cika. Wasa 12 kacal ya buga, kuma an biya shi kuɗinsa cif.

Inda kora ke yiwuwa shi ne babban laifi. Chelsea ta kori Adrian Mutu a 2004 bayan gwaji ya nuna ya sha hodar iblis, daga baya aka umarce shi ya biya ƙungiyar diyyar sama da Yuro miliyan 17.

5. To wane mataki ƙungiya ke iya ɗauka?

Na farko shi ne benci, kuma yana taɓa aljihu, domin yawancin kwantiragi na ɗauke da alawus na buga wasa, na cin ƙwallo, na hana a ci, da na lashe kofi. Akwai kuma sharuɗɗan da ke rage albashin kowa idan ƙungiya ta faɗi daga gasa ko ta kasa samun gurbin Gasar Zakarun Turai. A wasu ƙungiyoyin ragin faɗuwa daga Firimiya yakan kai rabin albashi.

Tara kuwa ta rashin ɗa'a ce, kuma a Ingila ba ta wuce albashin mako biyu ba sai da amincewar ƙungiyar kare hakkin 'yan wasa. A 2011 Manchester City ta so cin Carlos Tevez tarar mako huɗu kan ƙin motsa jiki a wasansu da Bayern Munich, ƙungiyar 'yan wasan ta ƙi amincewa, dole aka mayar da ita mako biyu. Sauran hanyoyin su ne bayar da shi aro tare da biyan wani ɓangare na albashinsa, sayar da shi da asara, ko a biya shi wani abu a rabu, kamar yadda Real Madrid da Eden Hazard suka yi a 2023. Ware mutum ya riƙa atisaye shi kaɗai don a tilasta masa tafiya yana da haɗari ga ƙungiya, domin dokar FIFA ta ba shi damar soke kwantiragin ya kuma nemi diyya.

6. A duk wasanni haka abin yake?

Ba haka ba ne. A gasar ƙwallon kwando ta NBA da gasar wasan baseball ta MLB a Amurka yawancin kwantiragi tabbatattu ne, a biya ko an yi wasa ko ba a yi ba. A gasar NFL ta ƙwallon Amurka kuwa ƙungiya na iya sallamar ɗan wasa ta biya shi ɓangaren da aka lamunce masa kawai. Ɗan wasan tanis ba shi da albashi kwata-kwata. Idan aka fitar da shi a zagayen farko, kuɗin zagayen farko zai karɓa, daga ciki kuma zai biya kocinsa da kuɗin jirgi da masauki.

7. Yaya za a bambance lalaci da rashin sa'a ko wata matsalar daban?

Nan ne yawancin suka ke kuskurewa, domin kyamarar talabijin ƙwallo take bi, ba ta nuna abin da sauran mutum 21 ke yi. Abin da za a fara dubawa shi ne halin ɗan wasa a daƙiƙu biyar na farko bayan an ƙwace ƙwallo daga ƙungiyarsa. Ya juya ya bi abokin hamayya, ko ya tsaya yana ɗaga hannu ga alƙalin wasa? Idan ɗan wasan gefe ya bar na bayansa shi kaɗai da mutum biyu, sau uku ko huɗu a wasa ɗaya, wannan abin zargi ne da ake iya nunawa a bidiyo. Haka wanda ya dawo daga hutu da ƙiba, ko mai yawan makara a atisaye. Yawan gudu shi kaɗai ba ma'auni ba ne. Ɗan wasa yakan yi kilomita 10 zuwa 12 a wasa, amma Messi ya shahara da yawan tafiya a ƙasa yana karanta fili, kuma wasu kociyoyin da kansu suke hana ɗan gaba komawa baya.

Sai maganar ɓarar da ƙwallo. Ko bugun fenareti, wanda shi ne dama mafi sauƙi, kusan ɗaya cikin huɗu ba ya shiga. Masu nazarin wasa suna da ma'aunin da suke kira xG, wanda ke ƙiyasta yiwuwar kowace dama ta zama ƙwallo bisa nisa da kusurwa da irin bugun. Ɗan gaban da ke samun damarmaki masu kyau amma ba sa shiga, galibi yakan farfaɗo. Wanda ya kamata a damu da shi shi ne wanda ya daina zuwa wuraren da ake samun damar. Wasa biyar ba su isa a yanke hukunci ba, rabin kaka ya fi kusa da gaskiya.

Akwai kuma abin da ba a sanar da 'yan kallo. Ƙungiyoyi kan ɓoye ƙananan raunuka don kada abokan hamayya su kai hari wurin, kuma 'yan wasa da yawa da allurar kashe zafi suke shiga fili. Wanda ya yi jinyar tsinkewar jijiyar gwiwa yakan yi wata shida zuwa tara ko fiye a waje, sannan ya ɗauki wasu watannin kafin saurinsa ya dawo. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai na 2018 a Kiev, mai tsaron ragar Liverpool Loris Karius ya yi kurakurai biyu da suka zama ƙwallaye, aka yi masa ruwan zagi har da barazanar kisa. Bayan 'yan kwanaki likitoci a Boston suka tabbatar da cewa ya samu buguwar ƙwaƙwalwa a cikin wasan, kuma ta iya shafar ganinsa.

8. Idan an sayi ɗan wasa da tsada ya gaza, laifin wa ne?

Kuɗin saye ba aljihunsa yake shiga ba, tsohuwar ƙungiyarsa ce ke karɓa. Harry Maguire bai sa wa kansa fam miliyan 80 ba lokacin da Manchester United ta ɗauko shi daga Leicester a 2019, amma shi ne ya yi ta ɗaukar wannan adadin a ka duk ranar da ya yi kuskure. Waɗanda suka amince da farashin, wato daraktan wasanni da shugabannin ƙungiya, ba sa fitowa fili a yi musu ihu.

Tsadar ce ma ke sa a kasa rabuwa da shi. A littafin lissafi ana raba kuɗin saye ne a kan shekarun kwantiragi. Wanda aka saya miliyan 80 na shekara biyar, miliyan 16 ake rubutawa kowace shekara. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi miliyan 48 ce, idan aka sayar da shi miliyan 30 sai a rubuta asarar miliyan 18 nan take, abin da zai iya jefa ƙungiya cikin matsalar dokokin kashe kuɗi. Ga kuma albashin da ƙungiyoyi ƙalilan ne za su iya biya (duba tambaya ta 4). Shi ya sa ake ganin ɗan wasa ya zama ƙarfen ƙafa shekara da shekaru.

9. Ihu yana sa ɗan wasa ya gyara?

Ya danganta da abin da ke damunsa. Idan sakaci ne, matsin lamba na iya farkar da shi. Idan kuwa ƙarfin gwiwa ne ya karye, ihu ƙara dagula lamarin yake yi, kuma ana gani ƙarara: ɗan wasa ya fara ɓuya a bayan abokin hamayya don kada a ba shi ƙwallo, idan ta zo masa ya mayar da ita baya da taɓawa ɗaya, ɗan gaba ya samu damar bugawa ya miƙa wa wani. Yi wa mutum ihu tun kafin a take wasa, kamar yadda aka yi wa Maguire a Wembley a wasan Ingila da Ivory Coast a Maris na 2022, ba shi da wata fa'ida ga ƙungiyar da ake cewa ana so.

Beckham ya sha ihu a kusan kowane fili a Ingila bayan jan katin da ya samu a wasa da Ajantina a 1998, har aka rataye mutum-mutuminsa, amma a kakar da ta biyo baya ya lashe kofi uku da Manchester United. A ɗaya ɓangaren, a Agustan 2023 magoya bayan ƙungiyar baseball ta Philadelphia Phillies a Amurka, waɗanda suka yi suna wajen ihu, sun miƙe tsaye suna tafa wa Trea Turner, mai kwantiragin dala miliyan 300 da ya kasa kataɓus, kuma wasansa ya gyaru sosai bayan nan. Misali ɗaya ba hujja ba ne, ta kowane ɓangare.

10. A ina suka ke ƙarewa cin zarafi ya fara?

Cewa wane bai dace da wannan rigar ba, ko bai cancanci albashinsa ba, ko a sayar da shi, duk suka ne. Da zarar magana ta koma kan launin fata, addini, iyali, ko ta zama barazana, an shiga hurumin 'yan sanda. Bayan Rashford da Sancho da Saka sun ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na Kofin Turai tsakanin Ingila da Italiya a Yulin 2021, an kama mutane da dama kan saƙonnin wariyar launin fata, aka ɗaure wani mako 10. Tun 2022 kotunan Ingila na iya haramta wa mutum shiga filin wasa saboda abin da ya rubuta a intanet, kuma irin wannan haramcin yana kamawa daga shekara uku zuwa goma. A Yunin 2024 wata kotu a Sifaniya ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas kan cin zarafin Vinicius a filin Mestalla. Alƙalin wasa ma yana da matakai uku idan aka fara waƙoƙin wariya: ya tsayar da wasa a yi sanarwa, ya mayar da 'yan wasa ɗakin sauya kaya, sannan ya tashi wasan gaba ɗaya.

Zuwa gidan ɗan wasa ko filin atisaye da sunan jan kunne ya fi komai muni, kuma ƙungiyar ce ke kwana ciki. A Mayun 2018 wasu mutane kusan 50 da suka rufe fuska sun kutsa sansanin atisayen Sporting ta Fotugal suka lakaɗa wa 'yan wasa duka, suka fasa wa Bas Dost kai. 'Yan wasa tara suka soke kwantiraginsu, ciki har da Rui Patricio da Rafael Leao. Mafi munin duka shi ne na Andres Escobar na Kolombiya, wanda aka harbe a Medellin ranar 2 ga Yulin 1994, kwana goma bayan ya ci gida a Kofin Duniya.

11. Me ya sa zagin intanet ya fi na fili zafi?

Na fili yana ƙarewa da busa ta ƙarshe, na waya kuwa yana bin mutum har gado, kuma yana isa ga matarsa da iyayensa. Akwai kuma caca. Kaso mai yawa na masu zagin ba magoya baya ba ne, mutane ne da suka yi asarar kuɗi. Hukumomin tanis da suka fara bin diddigin irin waɗannan saƙonni a 2024 sun gano cewa fusatattun 'yan caca ne ke da babban rabo a ciki. FIFA ma ta kafa tsarin tace saƙonnin zagi daga shafukan 'yan wasa tun Kofin Duniya na 2022.

12. Idan ɗan wasa ya rama fa?

Shi ne ke shan hukunci mafi nauyi, ko da an tsokane shi. Cantona ya yi tsalle ya harbi wani ɗan kallo da ƙafa a filin Crystal Palace a Janairun 1995, aka dakatar da shi wata takwas, kotu ta ɗora masa aikin al'umma na sa'a 120. Granit Xhaka ya rasa kambun kyaftin na Arsenal a 2019 bayan ya kara hannu a kunne ya zagi masu yi masa ihu ya tuɓe riga. Daga baya ya bayyana cewa an daɗe ana aika masa saƙonnin fatan cuta ga 'yarsa, abin da ya koma kan tambaya ta 10.

13. Mai irin wannan dukiyar har yana da abin kuka?

Kuɗi na sayen likita mai kyau, amma ba sa hana ciwo. Robert Enke, mai tsaron ragar Jamus, ya kashe kansa a Nuwambar 2009 bayan shekaru yana ɓoye ciwon damuwa. Dele Alli, wanda aka yi ta kira malalaci, ya bayyana a 2023 cewa ya kamu da jarabar ƙwayoyin barci har ya kwanta a cibiyar gyara na mako shida. Wannan ba ya nufin duk wanda ya yi wasan banza yana da ɓoyayyen ciwo. Wasu kam sakaci ne zalla, kuma alamomin tambaya ta 7 suna tona su.

14. Ana mayar wa 'yan kallo kuɗinsu idan aka yi abin kunya?

Tikiti alƙawarin kujera ne da wasa, babu nasara a cikin sharuɗɗansa, don haka babu dokar da ta tilasta. Amma 'yan wasa kan yi don wanke kai: na Wigan bayan Tottenham ta ci su 9-1 a 2009, na Sunderland bayan 8-0 a hannun Southampton a 2014, na Tottenham bayan 6-1 a Newcastle a 2023. A duka ukun, waɗanda suka yi tattaki zuwa wasan waje kawai aka mayar wa kuɗinsu.

15. Idan ana son a ga canji, ina ya kamata a karkata fushin?

Ga masu sa hannu a takarda. Ihun da aka yi wa ɗan wasa ba ya soke kwantiragi, amma matsin da aka yi wa shugabanni yana sauya shawara, musamman idan ya taɓa kuɗi ko mutuncin ƙungiya a idon masu ɗaukar nauyi. A Fabrairun 2016 magoya bayan Liverpool kusan 10,000 sun fice daga Anfield a minti na 77 don adawa da tikitin fam 77, cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka nemi afuwa suka janye ƙarin. A Afrilun 2021 zanga-zangar magoya baya na cikin abubuwan da suka sa ƙungiyoyin Ingila shida suka fice daga shirin Super League, sabuwar gasar da wasu manyan ƙungiyoyin Turai suka so kafa wa kansu, ƙasa da kwana uku da sanar da shi.

Ƙarfin mai goyon baya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Real Madrid da Barcelona mambobi ne ke zaɓen shugaba, kuma a Barcelona suna iya tattara sa hannu su tilasta ƙuri'ar tsige shi, kamar yadda aka yi wa Josep Maria Bartomeu, wanda ya yi murabus a Oktoban 2020 kafin a kaɗa ƙuri'ar. A Jamus dokar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi a yawancin ƙungiyoyi. A Ingila, inda attajirai da kamfanoni ke mallakar ƙungiyoyi, hanyar da ta rage ita ce ƙungiyoyin magoya baya masu rajista da kwamitocin tuntuɓa da ake zama da shugabanni, inda za a iya tambayar wa ya amince da kwantiragin shekara biyar ga ɗan wasa mai shekara 30, kuma bisa wane rahoton likita.